Waƙar Yaye da Ta Tsaya a Kan Re

Yayata ta rasu ranar Talata, da ƙarfe huɗu saura minti goma na yamma, a ɗakinta da ke Orozo a wajen Abuja, kwana goma sha ɗaya kafin bikin yaye ɗalibai na makarantar da take koyar da waƙa. Mu uku ne a wurin: ni ƙanenta, da matar ɗanta, da jikarta wadda ta shigo da kayan makaranta a jikinta, ko takalmi ba ta cire ba. Na san lokacin daidai domin na duba agogona. Na ji kunyar wannan dubawa daga baya, amma haka aka yi, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Shekarunta tamanin da uku. Ta girme ni da tara.

Kafin ƙarfe biyar gidan ya cika. Matan zumunta na ikilisiyarsu ne suka fara isowa, ɗaya tana rungume da tulun kiɗa. Suka zauna a tsakar gida za su ɗaga waƙa, sai aka rasa mai ɗagawa, domin shekara da shekaru ita ce take ba su sautin farko. Suka yi ta duban juna. Can wata ta yi ƙarfin hali ta ɗaga, ta yi sama fiye da kima, sauran suka bi ta a haka da ƙyar har ƙarshe.

Maƙwabcinta, wani dattijo manomi ɗan asalin wurin, wanda ya ba ta ɗan filin da take shuka kuɓewa da yakuwa, ya zo daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Mama ya tafi ke nan? Makon jiya fa ya ce in kawo masa sabon masara.” A duk tsawon sanina da mutumin nan ban taɓa barin wannan “ya” ta wuce ba tare da na ce masa “ta” ba. Ranar na bar ta ta wuce.

Ɗanta, wanda yake gyaran motoci a Apo, bai iso ba sai bayan ƙarfe shida, saboda cunkoson hanya. Hannuwansa duk baƙin mai. Ya tsuguna a gindin randa ya wanke su da sabulu da yashi, ya ɗauraye, ya sake wankewa, har matarsa ta zo ta karɓe butar. Ya ce ba zai taɓa uwarsa da datti ba.

Daga ƙarshe shugabar makarantar ta zo ta durƙusa a gabana.

“Baba, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ƙarfafa mu.”

Na amsa. Sai ta rage murya.

“Na san ba lokacinsa ba ne, Baba, ka gafarce ni. An ce takardar waƙar yaye tana wurinka. Yaran sun koyi baiti biyu da amshi kafin Mama ta kwanta. Ƙarshen ne ba su sani ba, kuma a cikin malamaina babu mai iya karanta do re mi.”

Na ce mata takardar tana wurina. Ban gaya mata cewa a lokacin tana cikin aljihun rigata ba, a ninke gida huɗu, ga jan biro a jikinta wuri biyar.

Na ɗauki alƙalami ne domin kada a manta da wannan baiwar Allah, kuma domin a san gaskiyar abin da ya faru da takardar, tun da ni kaɗai na san shi daga farko har ƙarshe.

Makarantar mishan ɗaya muka yi, a ƙauyenmu da ke gindin duwatsu. Ita ce take goya ni a kan hanya idan rafi ya cika. Akwai wata baturiya da take rataye allon do re mi a bango, tana nuna sautuka da doguwar sanda. Yaya idan ta ji waƙa sau ɗaya sai ta rubuta ta a kan allonta ba gyara. Ni kuwa abin da na iya shi ne ja layi a miƙe da rubutu mai tsabta. An taɓa yi mata bulala shida domin ta ƙara wani sauti nata a tsakiyar waƙar sujada. Da aka tambaye ta dalili, cewa ta yi wurin ya yi fili da yawa. Ni ba a taɓa dukana ba, kuma na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin shaida a kan wanda ya fi a cikinmu.

Ta zama malamar makaranta. Ni na zama mai gyaran rubutu a maɗaba’a, na yi shekara talatin da ɗaya ina farautar kuskuren mutane. A gaban jama’a “Auta” take kirana, ko da na yi furfura. Idan tana son tsokana sai ta ce “Malam Jan Biro”. Bayan ta yi ritaya ta biyo ɗanta Abuja, ta ga wata ƙaramar makaranta kusa da gida ba su da mai koyar da waƙa, sai ta shiga ba tare da kowa ya kira ta ba. Kowace Laraba da Juma’a tana can. Takan ce wa yaran, “Ku buɗe baki, haƙoranku ba za su gudu ba.” Ba ta taɓa korar yaro domin muryarsa ba ta da daɗi ba. Kusa da ita take tsayar da shi, ta dafa kafaɗarsa, ta yi ta rera masa a kunne har ya hau hanya. Na sha gaya mata cewa irin waɗannan cire su ake yi. Takan ce, “To, in an cire su, wa zai yi waƙa a jana’izata? Masu murya ai suna da wuraren zuwa.”

Shekara shida da suka wuce matata ta rasu. Na rufe kaina a gidana na Mpape, ban fita ba sai coci, wani lokaci ko cocin ma ba na zuwa. Ina zaune ina jin fashewar duwatsu daga wurin masu fasa dutse, ina ƙirga su. Yaya ta riƙa zuwa kowace Alhamis. Mota uku take shiga daga Orozo, sannan ta hau ’yar siririyar hanyar tudun nan da gwiwarta mai ciwo, da kular gwaten acca a hannu. Ba ta yi mini wa’azi. Takan zauna ta ce, “Ci, ina kallo.” Da gwiwar ta ƙi, sai ta koma aiko mini da wasiƙa ta hannun ɗanta, alhali tana da waya, ni ma ina da ita. A bayan tsohuwar kalanda take rubutawa. Kuma babu wasiƙar da ba ta da kuskure. Ta rubuta cewa gobe za su yi “baki”, tana nufin “baƙi”, ta manta ƙugiyar harafin. Ta haɗa “za ta” ta zama kalma ɗaya. Nakan zaro jan biro in gyara, in ajiye a fayil, ranar da muka haɗu in nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Takan gyaɗa kai ta ce, “Ashe haka ne. Tsufa ne, Auta.” Ni kuma in ji daɗi a raina, in yi mamakin yadda malamar makaranta ta lalace haka.

Batun waƙar ya samo asali ne daga jikarta, wadda take ajin ƙarshe na sakandare a wannan makarantar. Yarinyar tana kallon finafinan zane na ƙasar Japan a waya. Na taɓa kiransu katun, ta ce, “Ba katun ba ne, Baba Malam, anime ne.” A ganina bambancin bai taka kara ya karya ba: yara ne masu manyan idanu da gashi shuɗi ko kore. Amma Yaya ta zauna kusa da ita wata rana tana gyaran wake, ta ji waƙar da ake sakawa a ƙarshen shirin, sai ta ajiye faifan. Ta ce a maido. Aka maido sau huɗu. Idonta ba ya iya karanta fassarar Turancin da ke gudu a ƙasan hoton, saboda haka yarinyar take karantawa tana mayar mata da Hausa. Daga ranar suka zama abokan kallo. Ta sa jikar ta tattaro mata duk waƙoƙin da aka yi a kan gama makaranta da rabuwar abokai, ta yi watanni tana sauraro. Na ji ta da kunnena tana cewa, “Mutanen nan sun san rabuwa. Ba sa yi mata ihu.”

Ba ta ɗauki waƙar kowa ba. Tata ta tsara, da Hausa, a kan irin tafiyar da ta ji a nasu, domin ajin jikarta su rera ranar yaye.

Ranar wata Lahadi bayan sujada, mako uku da kwana biyu kafin rasuwarta, muna zaune a barandarta, ta miƙo mini bayan kalanda.

“Malam Jan Biro, duba mini wannan.”

Na zaro biro. Ta rubuta “kofa” babu ƙugiya, na gyara. Ta haɗa “za mu”, na raba. Ta bar harafi ɗaya a cikin “makaranta”, na cike. Tana kallona tana murmushi. Sannan na iso layin ƙarshe, wanda yake cewa: “Mun share allo, mun rufe taga, sai gobe.” A samansa ta jera sautukan, na bi su da ido, na ga na ƙarshe re ne.

Ga wanda bai yi makarantar waƙa ba, do shi ne gida. Daga nan waƙa take tashi, nan take sauka. Re kuwa taki ɗaya ne kafin a kai gida, kamar mutum ya iso ƙofa ya ɗaga ƙafa bai shiga ba. Na soke re, na rubuta do. Na soke “gobe”, na rubuta “wata rana”.

Murmushin ya tafi.

“Waɗannan biyun ba naka ba ne, Auta.”

“Waƙa takan koma gida, Yaya. Tare aka koya mana.”

“Wa ya ce maka yaran nan gida za su koma? Fita za su yi.”

“To, kalmar fa? Ƙarya ce. Gobe ba za su haɗu ba. Wani zai tafi jami’a, wani zai tafi koyon sana’a, wasu ba za su ƙara ganin juna ba har abada. Ba a sa ƙarya a bakin yara ranar ƙarshe.”

Ta gyara zama, ta miƙe ƙafar mai ciwo.

“Me ake kiran bikin nan? Yaye. Ka san yaye kuwa? Ranar da aka yaye ka ni na goya ka zuwa gidan kaka, Mama tana biye da mu da ƙullin kayanka. Wata biyu za ka yi ba ka gan ta ba. Da za ta tafi, ta tsaya a bakin zaure ta ce, ‘Sai gobe.’”

“Ɗan shekara biyu bai san bambancin gobe da wata rana ba.”

“Ai ba don kai ta faɗa ba. Don ƙafarta ta iya juyawa ne.”

Da na yi shiru a nan, da ba na wannan rubutun da irin nauyin da nake yinsa. Amma ban saba a kayar da ni a kan kalma ba. Na ce mata, “Shekara sittin kina waƙar Ubangiji, yanzu da tsufanki kin koma ɗalibar ’yan tsana masu shuɗin gashi.”

Ta dubi kajinta a tsakar gida. Sannan ta miƙo hannu.

“Ba ni takardata.”

Na ce zan tafi da ita in kwafe ta da rubutu mai tsabta, na ninke na sa a aljihu, na ɗauki hulata. Na kai bakin ƙofar gida sai na ji muryarta daga baranda, ba fushi a ciki.

“Sai gobe, Auta.”

Ban juya ba. Na ce, “Sai wata rana.”

Wannan ita ce maganar ƙarshe da na yi da ita tana iya amsawa. A makon ta kwanta. Aka ce mini zazzaɓi ne, na ce a gaishe ta, zan zo idan na gama kwafin. Kwafin na minti ashirin ne, kuma na gama shi tun daren Lahadin, da gyarana a ciki. Jira nake ta aiko da wasiƙa. Ranar Talatar da safe matar ɗanta ta buga mini waya ta ce in zo yanzu. Da na isa da tsakar rana ta riga ta daina magana. Yatsunta biyu ne kawai suke motsi a kan zane, a hankali, a kan ƙa’ida, kamar mai ba da lokacin waƙa. Takardar tana aljihuna. Ban fito da ita ba.

Muka kai ta gida, aka binne ta ranar Asabar kusa da iyayenmu. Muka dawo Lahadi. Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe na tsaya a gaban ɗalibai talatin da takwas, saura kwana biyar biki.

Ba zan yi wa kaina ado ba: nawa na koya musu. Na gaya wa raina cewa girmama ta ne in fitar da aikinta ba kuskure. Yaran suka kama nan da nan, domin kunne da kansa yana son do. Suka rera daga farko har ƙarshe, suka sauka daram, “sai wata rana”. Na ce madalla. Amma na lura da baki ɗaya a layi na biyu da yake rufewa duk lokacin da aka iso layin ƙarshe. Jikarta ce.

Da aka tashi na kira ta gindin wani itacen kashu da ke bayan aji. Ta haɗa maganarta da Turanci kamar yadda ’yan zamani suke yi, na mayar da ita Hausa a nan.

“Me ya hana ki rera ƙarshen?”

“Ba nata ba ne.”

“Na gyara ne. Kakarki ta tsufa, hannunta yana kuskure.”

Ta dube ni ido cikin ido, abin da yarinya mai tarbiyya ba ta yi wa babba, kuma na san tana da tarbiyya.

“Baba Malam, kuskure nawa ka samu a takardar?”

“Biyar.”

“Uku ta saka.”

Na ce ban gane ba.

“Kullum uku take sakawa. Ni take ba wa in ƙirga mata ko sun cika. Wani lokaci hannunta ya manta ya rubuta komai daidai, sai ta yaga ta sake sabuwa. Ta ce tun da Kaka ta Mpape ta rasu ba ka cin abinci sai ka sami abin gyarawa. Ta ce biyu ba za su ƙosar da kai ba, huɗu kuma za ka gane.”

Akwai wani benci a wurin, na zauna.

Ta tsaya tana murza gefen rigarta. Can ta ce, “Ta hana ni faɗa. Amma ka taɓa mata ƙarshen waƙa.”

Na ce ta kunna mini waƙoƙin da kakarta take ji. Ta fito da waya, ta sa mini abin ji a kunne ɗaya, ta sa ɗayan a nata, kamar yadda suke yi da marigayiya. Muka ji guda bakwai a kan bencin nan, masara tana kaɗawa a gonar da ke bayan katanga. Ban san kalma ko ɗaya ta harshen ba, amma na san waƙa. Yawancinsu da fiyano kaɗai suke farawa, sai wata siririyar murya ta shigo kamar mai tsoron tashin wani daga barci. A hankali kayan kiɗa su taru, waƙar ta hau, ta ƙara hawa, har mutum ya ce yanzu za a fashe da kuka. Sai komai ya ɗauke, a bar muryar ita kaɗai. Yarinyar tana yi mini bayani a taƙaice: wannan ajin da babu kowa ne, kujeru a kife, wannan tashar jirgin ƙasa ce, ɗaya zai tafi birni mai nisa, waɗannan fararen abubuwa da ke zubowa furanni ne, domin su a can lokacin fure ake gama makaranta. Ta bakwai ita ce wadda Yaya ta fi so. Abokai biyu ne a ƙofar makaranta ranar ƙarshe, kowanne ya san abin da ke faruwa, suka yi sallama da kalmar da suka saba yi kowace yamma, kowa ya kama hanyarsa. Na ƙirga: a cikin bakwai ɗin, huɗu ba su sauka a do ba. Kuma wanda ya tsara su ba jahili ba ne. Ya san inda gida yake sarai, ya kai mutum har bakin ƙofa, ya bar shi a nan.

Da na koma Mpape da la’asar na sauko da fayil ɗin. Wasiƙu sittin da huɗu. Na shimfiɗa su a kan tebur na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ja uku, ja uku, ja uku. Biyar daga ciki suna da huɗu, da na sake dubawa na ga na huɗun duk tsananina ne, waƙafi ne da zai iya zama ko ya tashi. Ɗaya tak ba ta da ja ko kaɗan, ita ce ta ta’aziyya wadda ta rubuto mini tun a makon rasuwar matata, kafin sauran duka. Shafi biyu cur, kowace ƙugiya a wurinta.

A aikinmu na ɗab’i akwai alama ga mai gyaran da ya soke abu bisa kuskure. Jan biro ba ya goguwa, saboda haka sai ya jera ɗige-ɗige a ƙarƙashin abin da ya soke, ma’ana a bar shi yadda yake. A shekara talatin da ɗaya sau biyu na yi wa gyarana wannan alama, kuma duka biyun shugabana ne ya tilasta mini. Na buɗe bayan kalandar, na jera ɗige a ƙarƙashin “gobe”, na jera a ƙarƙashin re. Kwafina mai tsabta na yaga shi.

Ranar Talata na koma gaban yaran na rubuta layin a allo yadda take. Wata yarinya ta ɗaga hannu.

“Baba Malam, jiya do ka ce.”

“Jiya na yi kuskure.”

Yaran suka zaro ido. Ina jin an ba su labarina, cewa ba na amsa kuskure.

Rushe abin da na gina ya fi gina shi wuya. Sukan iso re, su riƙe shi daƙiƙa ɗaya, sai rabin ajin ya zame ya faɗa do, kamar ruwa a gangare. Na sa su maimaita layin sau ashirin ranar Talata. Ranar Laraba na raba su gida huɗu, kowane gida ya yi shi kaɗai. Akwai wani mai ƙatuwar murya a baya wanda ko da an kashe shi sai ya sauka gida. A da da na cire shi. Na kira shi gaba, na tsayar da shi kusa da ni, na dafa kafaɗarsa. Ranar Alhamis wata ta tambaye ni me ya sa waƙar take kamar ba ta ƙare ba. Na ce ta riƙe sautin ta rufe baki, za ta gane nan da shekara hamsin. Ban taɓa amfani da tsananina a kan abin da ya fi wannan cancanta ba.

Ranar Asabar aka kafa rumfuna a filin makaranta. Hadari ya haɗo ta gabas amma bai sauko ba. Aka yi jawabai masu tsawo, aka raba kyaututtuka, aka yi shiru na minti ɗaya domin marigayiya, wanda a agogona daƙiƙa arba’in ne. Matan zumunta suna gefe guda da ankonsu. Ɗanta yana layin gaba cikin farar riga, maƙwabcin nan manomi yana kusa da shi. Sannan aka kira ajin ƙarshe.

Babu fiyano a makarantar, da baki na ba su sautin farko. Suka fara a hankali, kamar yadda ta koya musu. Baiti na farko a kan ranar da aka kawo su ne suna kuka, na biyu a kan ranar da za su fita suna kukan da ba irin wancan ba. Wajen amshi na biyu na ga iyaye mata suna jan gefen ɗankwali. Muka iso layin ƙarshe. Mun share allo. Mun rufe taga. Na ɗaga hannu, murya talatin da takwas suka hau re suka tsaya a kai, har da mai ƙatuwar muryar. Jikarta bakinta a buɗe yake, hawaye yana shiga ciki. Na ƙirga huɗu, na rufe tafina, suka ɗauke gaba ɗaya.

Babu wanda ya tafa. Jama’a duka suna jiran sautin da ya rage. Ni kaina na ji do ya taso mini a maƙogwaro, na danne shi da haƙori. Hannuna yana sama, ban san yadda zan sauke shi ba.

A cikin shirun nan na ji muryar dattijon manomi.

“Waƙar ya ƙare ke nan?”

Ɗanta ya amsa masa, bai rage murya ba.

“A nan Mama ta tsaya.”

An rera waƙar yayata ranar Asabar, da ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana, da kalmominta da sautukanta, ba a canza komai ba. Ta ƙare da “sai gobe”, a kan re.